Tela: Yadda Sunan Mai Yanka Ya Zama Sunan Mai Ɗinki

Bahaushe yana da suna biyu da yake kiran mai yi masa tufafi. Akwai maɗinki, sunan da aka gada kaka da kakanni, akwai kuma tela, wanda ya shigo bakinmu a zamanin Turawa. A yau baƙon ya fi ɗan gida jama'a. Daga Fagge ta Kano zuwa Maraɗi, daga can har unguwannin zango na birnin Akra irin su Nima da Mamobi da Madina, duk wanda ya sayi yadi wurin tela zai kai, kuma telan ne zai sha faɗa in Salla ta zo bai gama ba. Mutane da yawa sun ɗauka sunayen biyu abu guda suke nufi, bambancin kawai ɗaya na gida ne ɗaya na aro. Tarihi bai yarda da haka ba. Maɗinki daga allura ya samo sunansa, tela kuwa daga almakashi, kuma tsakanin waɗannan kayan aiki biyu akwai labarin yadda sutura ta sauya a Afirka ta Yamma.

Daga reshen itace zuwa fadar Ingila

Kalmar da muka mayar tela ita ce tailor ta Ingilishi, amma su ma Turawan Ingila arowa suka yi. Tushenta yana cikin Latin, harshen Rumawan da. A wurinsu talea na nufin ɗan reshen da manomi ke yankowa daga itace don ya dasa, irin yadda ake yanko karan rogo a binne. A ƙarshen zamanin Rum aka fitar da aikatau daga ciki, taliare, wato yankawa ko tsagawa. Faransanci ya gaje shi ya ce tailler, mai yin aikin kuma tailleur. Sunan bai tsaya ga mai tufafi kaɗai ba, domin har yau mai sassaƙa dutsen gini da shi Faransawa ke kiransa.

A 1066 Normawa, waɗanda ke magana da Faransanci, suka ƙetare teku suka ci Ingila da yaƙi. Daga nan aka yi kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu da masu hannu da shuni. Talakawa suka ci gaba da Ingilishinsu, amma duk abin da ya shafi ado da shari'a da abincin manya ya ɗauki sunan Faransanci. Ta wannan ƙofa kalmar ta shiga. Ta fara bayyana a rubuce a Ingila wajen ƙarshen ƙarni na 12, a matsayin laƙabin mutane. Laƙabin ya zama sunan zuriya, Taylor, wanda har yau yana cikin sunayen da suka fi yawa a Ingila. Sunan ya biyo jirgin ruwa har gaɓar Gana: mawaƙin hailaif Ebo Taylor na Kef Kwas da ɗan ƙwallon nan Charles Taylor, wanda ya buga wa Hearts of Oak da Asante Kotoko, duk sunan sana'ar ne a wuyansu.

Tushen nan ya haifi wasu 'ya'ya a Ingilishi, kuma duk yanka ne ya haɗa su. Retail, sayar da kaya ɗai-ɗai, asalinsa yanka kaya ƙanana-ƙanana. Tally kuma, wato ƙidayar bashi, sanda ce da ake yi wa tsaga-tsaga gwargwadon kuɗin, a raba ta biyu, mai bin bashi ya riƙe rabi, wanda ake bi ya riƙe rabi. Baitulmalin Ingila bai daina aiki da irin waɗannan sanduna ba sai 1826. A 1834 aka ce a ƙone tarin da ya rage, wutar ta kuɓuce ta cinye ginin majalisar dokokin ƙasar.

Telolin Landan sun yi ƙarfi da wuri. A 1327 Sarki Edward na Uku ya ba ƙungiyarsu takardar izini, kuma har yanzu zaurensu yana kan titin Threadneedle, inda Babban Bankin Ingila yake. Da tafiya ta yi nisa ma'anar kalmar ta faɗaɗa. Ta zama aikatau, sannan ta fita daga shagon ɗinki gaba ɗaya, har Bature kan yi amfani da ita ga duk abin da aka gyara don ya dace da bukatar mutum ɗaya, ko darasi ne ko inshora. Akwai ma wani ɗan tsuntsu a ƙasashen Asiya da ke huda ganye ya ɗinke da zaren gizo ya yi sheƙa, shi ma da sunan tela suke kiransa.

Me ya sa yanka, ba ɗinki ba

Abin tambaya shi ne, mutumin da ke yini yana soka allura, me ya sa aka sa masa suna mai yanka? Ba kowane harshe ne ya yi haka ba. Larabawa suna cewa khayyaɗ, daga kalmar zare. Rumawa da kansu, da yake manyansu yafa mayafi suke yi, sartor suke cewa, mai faci, kuma daga nan Italiyanci da Sifaniyanci suka sami nasu sunan. Mutanen Fotugal daga Larabawan Andalus suka aro nasu, alfaiate. Amma Faransawa da Jamusawa da Turawan Ingila duk yanka suka duba.

Dalilin yana cikin tufafin da kansu. Kafin ƙarni na 13 yawancin Turawa riguna masu faɗi suke sawa, a ɗaure da ɗamara. Sai maɓalli da hudarsa suka yaɗu, kuma zuwa tsakiyar ƙarni na 14 yayi ya koma ga riga mai kama jiki, mai hannun da ake yankawa daban a dasa a kafaɗa. Jikin mutum ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yadi kuwa shimfiɗaɗɗe ne. Kafin ya zauna a ƙirji da kafaɗa sai an yanka shi a lanƙwashe, gunduwa-gunduwa, kowace da siffarta. Yadin ulu na lokacin dukiya ne. Ɗinki in ya karkace ana warwarewa a sake, amma almakashi in ya wuce ya wuce. Saboda haka gwanintar da ake biya da tsada ta koma hannun mai yanka, ɗinkin kuma aka bar wa yara da 'yan ƙwadago. Littafin da wani tela, Juan de Alcega, ya buga a Madrid a 1580 kusan duk zane ne na yadda za a jera yanka a kan yadi don kada a yi asara. Har gobe a titin Savile Row na Landan, inda ake ɗinka wa sarakuna kwat, mai yanka shi ne babba, shi ke ganin mai kaya, shi ke awo.

Maɗinkin ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa abin ya bi wata hanya dabam. Masaƙarmu ta maza siririyar saƙa take fitarwa, doguwa, wata faɗinta yatsu huɗu, ta turkuɗin Kura ma ba ta kai haka ba. Kafin a sami abin da za a kira zane ko riga sai an jera waɗannan saƙe-saƙe gefe da gefe an haɗa su da allura, layi bayan layi. Babbar riga ba ta neman awon kafaɗa ko ƙugu. Girmanta shi ne darajarta, mai ita ne zai tattaro hannuwan ya aza a kafaɗa. Yanka kaɗan ne a ciki, kuma yawanci miƙaƙƙe ne. Aikin duk na allura ne, don haka sunan ya dace: maɗinki.

Riga ɗaya kan bi ta hannu da yawa. Mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi, maɗinki ya haɗa ya sa shafi da aljihu. Sannan a kai wa mai zane, wanda sau da yawa malami ne da ya saba da alƙalami, ya zana aska biyu ko aska takwas a gaban rigar. Mai aikin allura ya zauna wata da watanni yana cikewa, a ƙarshe 'yan bugu su buge ta har ta yi ƙyalli. Almajirai da gardawa da yawa da wannan sana'a suka riƙe kansu suna karatu, domin ana yin ta a zaune a zaure, ba ta hana tilawa. Saƙi, tsamiya, barage, kore, kowace riga da matsayinta, kuma sarki kan ba bawansa ko baƙonsa riga don nuna yarda.

Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851. Ya ga tufafin Kano suna kaiwa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus, ya kuma ƙiyasta cinikinsu a wuri miliyan 300 a shekara. A cikin wannan shekara ce, can a Amurka, Isaac Singer ya yi rajistar kekensa na ɗinki. Babu wanda ya san da wani, amma ƙarshensu haɗuwa.

Wani kaso mai yawa na rigunan nan kudu maso yamma yake yi, hanyar Gwanja. Fatake ƙarƙashin madugu su tashi daga Kano ko Sakkwato da jakuna, su ƙetare Kwara, su bi ta Bargu har Salaga, su sauke riguna da kanwa da fata, su ɗauko goron Asante. A kowane masauki akan sami waɗanda suka zauna ba su koma ba: malami, mahauci, wanzami, maɗinki. Haka zango ya samo asali. Salaga ta yi zamaninta har Ingila ta ƙone Kumasi a 1874, ikon Asante a kan hanyar goro ya yi rauni. Yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa ta. Mutanenta suka watsu zuwa Kete Karachi da Kintamfo da Kumasi da bakin teku. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Karachi har rasuwarsa a 1934, ya kuma bar rubuce-rubuce a kan rayuwa da sana'o'in ƙasar Hausa.

Inda allura ta haɗu da almakashi

Hausawan da suka gangaro Akra sun tarar da wata irin sana'ar tufafi da ta riga su zama. Wajen 1836 wani ayari na 'yantattun bayi ya sauka daga Barazil, cikinsu akwai Musulmi. Mutanen Ga suka ba su wuri a unguwar Otublohum, aka riƙa kiransu Tabom saboda gaisuwarsu ta harshen Fotugal. Sun zo da sana'o'i, haƙar rijiya da gini da ɗinki irin na Turawa. Gidan ɗinkin da suka buɗe a 1854, wanda aka sani da First Scissors House, wato gidan almakashi na farko, shi ake ambata a matsayin mafarin wannan sana'a a birnin. Ko sunan gidan ya isa shaida: da almakashi suka yi tutiya, ba da allura ba. Daga zuriyar Tabom ne aka sami Dan Morton, wanda ya ɗinka wa Kwame Nkrumah tufafi. A gefe guda kuma 'yan mishan na Basel, waɗanda suka iso a 1828, suna koya wa 'yan mata ɗinki a makarantunsu.

A 1877 Turawa suka mayar da hedikwatar mulkinsu daga Kef Kwas zuwa Akra. Birnin ya cika da akawu da masinja da ɗan sanda da soja, kowa da kayan aikinsa. Rundunar da John Glover ya fara tarawa a Legas a 1863, wadda aka fi sani da sunan Hausawa, an kawo ta yaƙin Asante, kuma daga irinta aka gina rundunar ƙasar, har Hausa ta zama harshen bariki. Kakin soja ba ya yiwuwa da dabarar babbar riga. Sai an auna, an yanka, an ɗinka ɗaruruwa iri ɗaya cikin gaggawa. A wannan zamani Malam Naino ya sami fili ya kafa Zangon Malam a 1881, ɗansa Malam Bako kuma ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20.

Abu na uku da ya cika haɗin shi ne keke. Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya ƙera nasa a 1830, ya kafa guda 80 a Paris yana ɗinka kayan soja. Telolin birnin suka ga abincinsu zai ƙare, suka afka wa wurin suka farfasa. Amma ba a tare ruwa da hannu. Kamfanin Singer ya gina ƙatuwar masana'anta a Clydebank ta Sikotilan a shekarun 1880, daga can kekuna suka bazu duk inda tutar Ingila ta kai. Tare da su kantunan Turawa suka cika da yadi mai faɗi daga Manchesta da atamfar Holan. Yadi mai faɗi ba ya bukatar a haɗa shi, yanka shi ake yi. Wanda ya zauna a kan keke da tef a wuya da alli a hannu ba aikin maɗinkin zaure yake yi ba, don haka bai ɗauki sunansa ba. Ya zo da nasa.

Yadda bakin Bahaushe ya sarrafa ta

Turawan Ingila ba sa furta harafin ƙarshe na irin waɗannan kalmomi, sai su ƙare da wani ɗan wasali mai kama da a. Kunnen Bahaushe abin da ya ji ya kama, ba abin da aka rubuta ba. Haka aka sami tela, direba, kafinta, birkila, lebura, masinja, lauya, soja. Dubi jerin da kyau, za ka ga hoton bariki da ofishin Joji da ma'aikatar ayyuka. Da kalmar ta zauna sai aka yi mata jam'i irin na gida, teloli, kamar direbobi da lauyoyi. A Gana akwai ƙari guda da ba a cika ji a Kano ba: mai gyaran mota fita ake ce masa, ba makanike ba.

Ma'anar ma ta sauya kaɗan. A Ingila sunan na mai ɗinka kwat da wandon maza ne, mai ɗinka kayan mata sunanta dabam, kuma Turancin Gana ya riƙe wannan bambanci. Hausa ba ta damu da shi ba. Duk mai keke tela ne, mace ko namiji, ko kaftani yake ɗinkawa ko labule. Sunayen tufafin da suka biyo shi su ma aro ne: kwat, shat, siket, singileti, jamfa. Almakashi da allura kuwa tun tuni Larabci ya ba mu su. Shagon tela ɗaya, harsuna uku.

Nima, Mamobi, Madina

A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami fili daga iyalin Odoi Kwao a bayan gari, wurin da ya zama Nima. Yaƙin Duniya na Biyu ya cika ta da mutane, domin sansanonin soja da gidajen Turawa na kusa suna neman kuku da mai wanki da mai gadi da lebura. Bayan yaƙin tsofaffin sojojin da suka dawo daga Bama suka ƙaru a kai. Nima ta tumbatsa ta haɗe da Mamobi, wani babban kwalbati ne kawai ya raba su. Madina ƙanwarsu ce. A 1959 aka tashi mutanen da ke zaune a Shiashie kusa da filin jirgin sama, Alhaji Seidu Kardo ya jagorance su zuwa filin da masarautar La ta bayar a kan hanyar Aburi, gaba da jami'ar Legon, suka sa wa wurin sunan birnin Manzo. Yau Madina gari ce mai kanta, da babbar kasuwa da tasha, kuma mutanen Nima da yawa da suka sami hali can suka yi gini.

A waɗannan unguwanni Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Bayarabe da Dagomba da Kotokoli da Mosi suka zauna gida ɗaya, Hausa ta zama harshen tsakar gida da kasuwa. Kowa ya zo da suturarsa, kuma duk a teburin tela suke haɗuwa. Telan zango dole ya iya kaftani da babbar riga da jallabiya, ya iya kayan makaranta, ya san batakari, rigar arewacin Gana da Nkrumah ya sa daren 6 ga Maris 1957 da ya yi shelar 'yancin kai. Mai ɗinkin mata kuma ta iya kaba da silit, wanda ke cin turmin atamfa mai yadi shida, biyu riga, biyu siket, biyu mayafi, ta kuma iya abaya da hijabi. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamba 1969 ta kwashe dubban 'yan Nijeriya da Nijar daga zango, cikinsu har da masu sana'a, amma waɗanda suka koya a hannunsu suka ci gaba.

Shiga shagon tela a Madina cikin goman ƙarshe na azumi. Yawanci kwantena ce ko ɗaki ɗaya a bakin hanya. Ledojin shadda sun taru har rufi, kowace da 'yar takarda da aka maƙala da allura. Yara uku ko huɗu suna kan keke, Butterfly ta ƙafa a gefe, ta lantarki a tsakiya, ta surfani a lungu tana ruri. Maigidan yana tsaye a bakin tebur. Ya buɗe littafin awo, ya ninka shaddar biyu, ya shafe ta da tafin hannu, ya ja layi da alli, ya sake aza tef ya duba. Sai ya yi bisimilla ya sa almakashi. A wannan lokaci ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau. Wata dattijuwa ta leƙo.

"Masta, kayan jikokina fa? Yau sati uku."

"Hajiya, ki yi haƙuri, an yanka. Wallahi an yanka, haɗawa ya rage."

Ta san abin da ake nufi. In an yanka, an ɗaure ta, ba ta iya kwashe yadinta ta kai wani wuri. Shi ma ya sani.

Tsarin koyon sana'ar ya nuna inda daraja take. Uba ko kawu ya kawo yaro da goro da kuɗin shiga, sau da yawa da kekensa da kujerarsa. Watannin farko shara ce da aike da guga da sa maɓalli. Sannan a ɗora shi a keke ba zare, ya koyi taka feda, ya bi layi a kan takardar buhun siminti har hannunsa ya miƙe. Daga nan kalmasa, aljihu, wuya. Yanka shi ne na ƙarshe, kuma tsohon ƙorafin 'yan koyo shi ne wasu iyayen gida sai yara sun tashi suke yanka, don kada a ɗauke sirrin da wuri. Bayan kamar shekara uku a yi bikin yaye, a yi addu'a, a ba shi takarda. Ƙungiyar teloli da masu ɗinkin mata ta ƙasar Gana, wadda aka kafa a 1979, tana shirya jarrabawa da bikin yaye na bai ɗaya ga yaran mambobinta. Telan Landan na ƙarni na 14 da zai ga wannan tsari, ba abin da zai ba shi mamaki.

Gwanjo da ɗauke wuta

Sana'ar ta sha gwagwarmaya. Bayan 'yancin kai Gana ta kafa masaƙun zamani, GTP a Tema a 1966 da ta Akosombo a 1967, yadi ya wadata. Daga baya atamfar Sin mai araha da ta fasa-ƙwauri suka durƙusar da yawancinsu. A 2004 gwamnatin John Kufuor ta fito da tsarin sa kayan gida ranar Juma'a a ofisoshi don a tallafa wa masaƙu da teloli, abin kuma ya karɓu. Shekarun dumso, wato ɗauke wuta da kawowa da ya yi tsanani a 2015, sun sa masu keken lantarki da yawa sun kakkaɓe tsohuwar ta ƙafa, mai surfani kuwa sai janareta.

Babban abokin hamayya shi ne gwanjo, wanda mutanen Akan ke kira oburoni wawu, wai Bature ya mutu. Ana ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto ta Akra duk mako, kuma kaso mai yawa a bola da bakin teku yake ƙarewa. Shat ɗin gwanjo bai kai kuɗin ɗinki kaɗai ba, balle yadi. Wannan ya kashe wa teloli kasuwar kayan yau da kullum. Amma ya buɗe wata: a cikin Kantamanto kanta akwai ɗimbin masu keke da ke rage wando, su sake wa riga fasali, su haɗa biyu su fitar da ɗaya. Gobarar da ta cinye yawancin kasuwar a farkon Janairu 2025 har da kekunansu ta haɗa. Akwai kuma masu yawo da keke a ka ko a kafaɗa, da yawansu samari ne daga Nijar da arewa, suna kaɗa almakashi ƙyas-ƙyas don a san sun iso. Aikinsu faci ne da gyaran zif, wato ainihin aikin wanda Rumawa suka kira sartor tun farko.

Telan zango ya tsira ne saboda akwai abin da dilar gwanjo ba ta kawowa. Ba a samun kaftanin shaddar Getzner a cikinta, ba a samun ankon biki na mata talatin, ba a samun kayan suna ko na Salla ko na tarbar alhazai. Tun da Gana ta mayar da Sallolin biyu ranakun hutu a tsakiyar shekarun 1990, kwalliyar idi ta fito fili sosai, kuma samarin Nima da Madina suna gasar ɗinki da 'yan uwansu na Kano da Bamako da Dakar, suna ɗauko salo a Instagram su tura wa masta ta WhatsApp. Kaftanin da suke so yanzu mai kama jiki ne, mai dasasshen hannu, wanda sai da awo goma sha wani abu. Rigar Bahaushe ce, amma yankan na tela ne.

Wanda ya yi asara a wannan tafiya shi ne maɗinkin asali. Aikin hannu irin na aska takwas ya koma na sarakunan zango da manyan malamai da attajirai, kuma galibi daga Zariya ko Kano ko Bida ake sayo shi, domin keken surfani yana gama a yini abin da allura ke yi a wata uku. Masu ɗinka batakari da saƙar Daboya su ne suka rage suna haɗa siririyar saƙa gefe da gefe kamar da, su ma yawanci da keke. Ƙungiyoyin teloli da cibiyoyin koyon sana'a suna ba da takardar shaida a kan awo da yanka da sarrafa keke, amma zanen gaban riga da cike shi da allura a zaure ake koyonsa, daga hannu zuwa hannu. In masu shirya tsarin koyon sana'a a Madina da Nima suna son wannan ilimi ya kai ga jikoki, sai sun nemo tsofaffin da suka iya tun suna raye, sun ba su ɗalibai da abin da za su riƙe kansu.